Yanke gas saboda gyaran bututu a Birtaniya: haƙƙin mazaunin gida da inda ya tsaya

A Kano ko Damagaram gas a tukunya yake zuwa gida, in ya ƙare a ɗauka a kai wa masu ɗuri. A Birtaniya kuwa fiye da gidaje miliyan 20 ta bututun ƙarƙashin ƙasa suke samunsa, kuma da shi ake girki, da shi ake dafa ruwan wanka, da shi ake ɗumama ɗakuna. Ranar da ma'aikata suka rufe shi, ba murhu kaɗai ke mutuwa ba, gidan ne baki ɗaya ke ɗaukar sanyi. Ɗalibai da ma'aikatan asibiti da iyalan mutanenmu da ke zaune can sukan tarar an zuro takardar sanarwa ta ƙofa, su ɗauka talla ce su jefar. Takardar nan tana da muhimmanci, domin akwai haƙƙoƙi a rubuce game da wannan aiki, har da diyyar kuɗi. Sai dai haƙƙin yana da iyaka, kuma iyakar tana daidai wurin da mita take. Duk abin da zai biyo baya ya shafi Ingila da Sikotilan da Wales ne. Ireland ta Arewa tana da nata tsarin daban.

Kamfanin da ke aiko maka da takardar biyan kuɗi ba shi ne mai bututun ba. British Gas ko Octopus ko EDF gas suke sayar maka kawai. Bututun da ke ƙarƙashin titi na kamfanonin rarrabawa ne, kuma manyansu huɗu ne: Cadent, mai riƙe da arewa maso yammacin Ingila da tsakiyarta da gabashinta da arewacin Landan; Northern Gas Networks a arewa maso gabas da mafi yawan Yorkshire; SGN a Sikotilan da kudancin Ingila; sai Wales & West Utilities a Wales da kudu maso yamma. Wasu sababbin rukunin gidaje suna hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Mai sayarwa kana iya canza shi duk lokacin da ka ga dama, amma mai bututu adireshinka ne ke zaɓa maka shi. Wanda ya kira mai sayar masa da gas yana faɗa a kan ramin da aka haƙa a ƙofar gidansa ɓata bakinsa kawai yake yi.

Rabon kayan kuwa haka yake. Babban bututun titi, da ƙaramin da ya rabu da shi ya shigo gidanka, har zuwa makullin gaggawa, wato hannun rufe gas da ke gab da mita, duk na kamfanin rarrabawa ne. Mita kanta alhakin mai sayar maka da gas ce. Daga bakin mita zuwa ciki, wato bututun da ke bin bango da ƙarƙashin daɓe, da boila (na'urar dafa ruwa da ɗumama gida), da murhu, da hitar gas ta falo, na mai gida ne. Kusan duk rigimar da ake yi bayan aiki daga wannan rabon take tasowa.

Dalilin haƙe-haƙen ba ɓoyayye ba ne. Tsofaffin bututun ƙasar na baƙin ƙarfe ne, wasu sun haura shekara ɗari a ƙasa. Suna tsatsa, suna tsagewa idan ƙasa ta motsa ko sanyi ya tsananta, gas ya bi ƙarƙashin ƙasa ya taru a cikin gini. A watan Disamba na 1999 wani gida ya fashe a garin Larkhall na Sikotilan, mutum 4 'yan gida ɗaya suka rasu, kuma a 2005 kotu ta ci kamfanin Transco, mai bututun a lokacin, tarar fam miliyan 15. Tun 2002 hukumar kiyaye lafiya da haɗurran wurin aiki, HSE, ta sa aka fara shirin shekara 30 na kawar da bututun ƙarfe da ke cikin tazarar mita 30 daga gine-gine. Rawayen bututun roba da ake gani jibge a gefen titi shi ke maye gurbinsu. Galibi ba a tone titin duka. Rami ake yi nan da can, a zura sabon bututu cikin tsohon. Idan ƙaramin bututun gidanka na roba ne, cire shi kawai za a yi daga tsohon layi a haɗa da sabo. Idan na ƙarfe ne, shi ma sai an sauya shi, kuma wannan ne ke jawo haƙa a farfajiya, wani lokaci har da matsar da mita. Matsarwar da kamfani ya buƙata domin aikinsa, shi ke biyan kuɗinta, har da bututun da zai sake haɗa mitar da na cikin gida. In kai ne ka ce kana so a kai ta wani wuri don jin daɗinka, lissafin ya koma kanka.

Haƙƙoƙin suna cikin dokar ƙa'idojin aikin gas ta 2005, wadda Ofgem, hukumar kula da harkar gas da lantarki, ke sa ido a kanta. A watan Afrilun 2021 aka ƙara tsaurara su, aka ninka mafi yawan kuɗin diyya, aka kuma ɗaure su da hauhawar farashi. Alƙaluman da ke ƙasa na 2021 ne, don haka abin da ake biya yau ya ɗan ɗara su.

Na farko shi ne sanarwa. Aikin da aka tsara tun da wuri, dole a sanar da kai a rubuce aƙalla kwana 7 na aiki kafin a yanke, a faɗi ranar da dalilin. A da kwana 5 ne. Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati ba sa cikin ƙirga. In ba a yi ba, fam 40 ne. A lura cewa takarda biyu akan aiko: ɗaya mai cewa za a fara aiki a unguwa, ɗaya mai faɗin ranar da za a taɓa gidanka. Ta biyun ita ce abin riƙewa, a ajiye ta, a rubuta ranar da ta iso a bayanta.

Na biyu shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta, wato ƙa'idar awa 24. Idan gas ya yanke saboda lalacewa ko fashewar bututun kamfani ba tare da shiri ba, kuma ba a dawo da shi cikin awa 24 ba, gida yana da fam 60, sannan wani fam 60 a kan kowace cikakkiyar awa 24 da ta biyo baya. Wannan ƙa'ida an rubuta ta ne domin yankewar ba-zata. Aikin da aka tsara aka kuma sanar, abin da doka ta lamunce maka a kansa shi ne sanarwar. Alƙawarin da kamfanoni ke yi na rufewa da safe a buɗe da yamma alƙawarinsu ne na aiki, ba diyya ce mai zuwa da kanta ba. Duk da haka in aikin yini ɗaya ya kwana, a rubuta ƙorafi, domin kamfanoni sukan biya wani abu na ban-haƙuri. Wani abin lura kuma: agogon yana tsayawa ne lokacin da gas ya iso makullin gaggawa, ba lokacin da boilarka ta kama ba. Idan gas yana bakin makulli amma ba ka gida aka kasa shiga a kunna, jinkirin naka ne. Mafi tsawon yankewa kan faru ne idan bututun ruwa ya fashe ruwa ya shiga na gas, domin sai an zuƙe shi tas, kuma sai an bi gida-gida an rufe kafin a sake cika layin. Haka ma dogayen benaye, inda bututu ɗaya ke hawa bango yana ciyar da gidaje da yawa. In aka same shi da tsatsa, gyaran kan ɗauki makonni.

Me ya sa sai an shigo gida sau biyu

Mutane kan yi mamakin abin da ya hana a rufe daga titi a buɗe daga titi. Dalilin iska ce. Da zarar an yanke bututu, iskar waje ta shiga ciki. Gas ɗin da ake girki da shi yana kama wuta ne idan yawansa a cikin iska ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, don haka bututun da gas ya gauraye da iska ya fi cikakken bututu haɗari. Sannan idan an bar kan murhu a buɗe a wani gida aka sako gas daga titi, zai cika kicin ba wanda ya sani. Shi ya sa ma'aikaci ke shigowa da safe ya rufe makullin gaggawa, ya dawo da yamma ya buɗe. Makullin nan hannu ne guda: in ya miƙe daidai da bututu a buɗe yake, in an juya shi ya gitta bututun a rufe yake. Kowa a gida ya kamata ya san inda yake.

Dawowar yamma ba juya makulli kawai ba ce. Ma'aikaci zai ɗaura ma'aunin matsi a jikin mita. Zai fara gwada makullin kansa na minti 1 a kan matsi kaɗan, milibar 7 zuwa 10, don ya ga ko yana zurar da gas alhali a rufe yake. Sai ya ɗaga matsin zuwa milibar 20 ko 21, wanda shi ne matsin da gida ke aiki da shi, ya bar shi minti 1 ya daidaita, sannan ya zuba wa ma'aunin ido minti 2. In matsin ya tsaya, bututun gidan lafiya lau. Tsohon haɗi mai na'urori a jone ana yafe masa 'yar ƙanƙanuwar faɗuwa, muddin ba a jin warin gas. In faɗuwar ta wuce haddi, akwai yoyo. Bayan an ci gwajin ne zai kori iskar da ke cikin bututu, yawanci ta kan murhu, sannan ya kunna na'urori ɗaya bayan ɗaya yana duban launin wutar da mafitar hayaƙi.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Gidan da ya shekara goma ba a gwada bututunsa ba yana iya samun ɗan yoyo a wata mahaɗa ƙarƙashin katakon daɓe, wanda bai kai a ji warinsa ba. Aikin titi bai haifar da shi ba, tona shi kawai ya yi. Amma ma'aikacin ba shi da ikon mayar da gas cikin bututun da ya san yana yoyo. Zai gwada ware na'urorin ɗaya-ɗaya ko laifin na ɗayansu ne. In na murhu ne, ya cire murhun ya bar wa boila gas. In kuwa yoyon a jikin bututun gida yake, zai toshe bakin mita ya ba ka takarda, kai kuma ka nemo injiniya mai rajista da Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, ka biya shi daga aljihunka. Ba diyyar awa 24 a nan, ko da gidan zai yi mako babu gas, domin a idon doka kamfani ya kawo gas har iyakarsa.

Haka batun na'urori yake. Mataki biyu ne. Akwai wadda ake cewa haɗarinta na nan take ne, kamar boila mai mayar da hayaƙi cikin ɗaki; ita cire ta ake yi a toshe bututunta, kuma in mai gida ya ƙi, ma'aikatan gaggawa suna da ikon yanke gas ɗin gidan. Akwai kuma wadda za ta iya zama haɗari, kamar wadda aka toshe mata mashigar iska. Ita kashe ta ake yi da izininka, a manna mata takardar gargaɗi. Kada a ɗauki neman izinin a matsayin zaɓi na gaske. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta haramta amfani da na'urar da mutum ya san tana da haɗari, kuma daga lokacin da aka manna takardar ba ka da ta cewa ba ka sani ba.

Akwai kuma boilar da take lafiya da safe ta ƙi tashi da yamma. Sau da yawa iska ce ta rage a bututu, boilar ta gwada kamawa ta kasa ta kulle kanta, ta nuna lambar kuskure. Danna maɓallin sake farawa sau ɗaya ko biyu kan warware shi. Wani lokaci ƙura da ɓarɓashin tsatsa ne suka taso suka toshe matata. Tsofaffin boila masu 'yar wutar da ke ci kullum, wayar da ke jin zafin wutar kan mutu da zarar ta huce. Wa zai biya? Kamfani zai ce na'urar ta tsufa, kai za ka ce lafiyarta ƙalau kafin su zo. Mai takardar sabis ta shekarar nan shi ke da bakin magana. Saboda haka abin da ya fi kowace diyya amfani shi ne, da zarar takardar farko ta iso, a kira injiniya ya yi wa boila sabis ya kuma gwada bututun gidan, tun ana da lokacin gyara ba cikin sanyi ba. Kada kuma a bar ma'aikacin yamma ya tafi sai an ga ruwan zafi ya fito a famfo, hita ta fara ɗumi. Masu mitar kati su tabbata akwai kuɗi a ciki, domin mitar da ta rufe kanta ba za a iya korar iska ta cikinta ba.

Buɗe makulli da kanka bayan an rufe ba wayo ba ne. A wasu manyan yankewa kamfani kan ba da izini da bayanin yadda kowa zai buɗe nasa. In ba a ba ka wannan ba, ka jira. In ba ka gida aka zo, za a bar kati mai lambar waya, ka kira a dawo.

Masu buƙatar kulawa ta musamman

Akwai rajistar fifiko, kyauta ce, ana shiga ta hannun mai sayar da gas ko kamfanin bututu. Ta ƙunshi waɗanda suka kai shekarun fansho, masu naƙasa, masu doguwar jinya, mai juna biyu, gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, da wanda ba ya jin Turanci sosai. Wannan na ƙarshen ya shafi iyaye da yawa da suka je zama wurin 'ya'yansu. Gidan da ke cikin rajista dole a kawo masa hita da murhun lantarki cikin awa 4 da yankewa, ko awa 8 idan gidajen da abin ya shafa sun wuce 250, ba a ƙirga tsakanin ƙarfe 10 na dare da 6 na safe. In an gaza, fam 50. Ana kuma iya ajiye kalmar sirri wadda ma'aikaci zai faɗa a ƙofa kafin a buɗe masa. Gidan da ba ya cikin rajista ba shi da wannan haƙƙi a dokance, ko da yake in an roƙa galibi ana bayarwa. Rajistar a yi ta tun kafin ranar, ba ranar ba.

Hitar da ake rabawa yawanci mai kilowat 2 ce, tana jan kusan amfiya 9. Filogin Birtaniya amfiya 13 yake ɗauka, don haka hita biyu a kan wayar ƙari ɗaya gobara ake nema. Kowace a soket ɗinta na bango. Kuɗin lantarkin da za ta ci kuma naka ne, ga shi lantarki ya ninka gas tsada, sannan kuɗin kullum-kullum na mitar gas bai daina hawa don an yanke ba. Abu ɗaya da bai kamata ko a yi tunaninsa ba shi ne kaskon gawayi irin na lokacin hunturu a gida. Gidajen can a like suke, taga mai gilashi biyu, ƙofa mai roba a gefe. Gawayi a irin wannan ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi, mai kashe mutum yana barci.

Shiga gida da gyaran ɓarna

Ma'aikaci ba shi da ikon kutsawa gidanka don aikin da aka tsara. Dokar shiga gidaje ta 1954 ta ce sai da yardar mazauni ko da takardar izinin kotu. Gaggawa ce kaɗai ta fita daga wannan: in ana zargin gas na yoyo kuma rai na cikin haɗari, ana iya ɓalle ƙofa, amma dole a bar gidan a tsare kamar yadda aka same shi, a kuma gyara abin da aka lalata. Kana da damar neman katin shaida, ka rufe ƙofa ka kira kamfanin ka tabbatar. Ƙin buɗewa kwata-kwata kuwa ba ya hana aiki. Daga waje za a yanke, ka zauna babu gas har ka shirya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 0800 111 999, kuma ana sa ran su iso cikin awa 1 idan yoyon bai tsaya ba, awa 2 idan rufe makulli ya tsayar da shi.

Ramin da aka haƙa a harabarka dole a cike shi a mayar da wurin yadda yake cikin kwana 5 na aiki bayan kammalawa, kwana 3 ga masu rajistar fifiko. In an wuce, fam 100, da ƙari in jinkirin ya ci gaba. Gaskiyar magana, facin kwalta ko siminti ba ya sajewa da tsoho, musamman daɓe mai zane ko mai launi. A ɗauki hoton farfajiya da bango da akwatin mita kafin a fara, a kuma yi magana da shugaban ma'aikatan a kan inda za a haƙa tun ba a sa diga ba. Titi da hanyar ƙafa ta gaban gida ba sa cikin wannan ƙa'ida, ƙaramar hukuma ce ke bin kadinsu.

Ɗan haya ya sani cewa diyyar ta mai amfani da gas ɗin ce, wanda sunansa ke kan asusu, ba ta mai gida ba don kawai ginin nasa ne. In gwaji ya tona yoyo ko aka dakatar da boila, gyaran a Ingila da Wales yana wuyan mai gida bisa sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985, kuma wajibi ne a kansa ya sa a duba na'urorin gas kowace shekara ya ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28. A tura masa hoton takardar da ma'aikaci ya bari nan take, a rubuce, domin lokacin da doka ke ƙirga masa daga ranar da aka sanar da shi yake farawa.

Tun 2021 diyyar da kanta ya kamata ta zo ba sai an nema ba, cikin kwana 10 na aiki, ko kai tsaye ko ta asusun mai sayar maka da gas. In ta makara akwai ƙarin fam 40. A aikace rajistar kamfani kan yi kuskuren adireshi ko lokaci, don haka a rubuta awar da aka rufe da wadda aka buɗe. Ƙorafi a rubuce dole a amsa shi cikin kwana 5 na aiki, ko 10 in sai an zo an duba wurin. Karɓar waɗannan kuɗaɗe ba ya toshe hanyar neman diyyar ainihin asara, kamar bangon da aka fasa ko kafet ɗin da aka ɓata; wannan da'awa ce daban mai buƙatar hoto da rasit. In mako 8 ya wuce ba a daidaita ba, ko kamfani ya rubuto cewa iyakar abin da zai yi ke nan, sai a kai wa ofishin Energy Ombudsman, mai raba gardama tsakanin kamfanonin makamashi da abokan cinikinsu. Ba a biyan ko kwabo, yana iya yanke diyya har fam 10,000, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfani idan kai ka amince da shi. In ba ka amince ba, hanyar kotu tana nan. Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, na taimakawa wajen tsara takardar, kuma wanda aka ba wasiƙar ƙarshe yana da wata 12 ya kai ƙararsa.